Takalman Ƙafar Dama

"Tsaya, ɗiyata. Saurara."

Cokalin kunu yana hannuna, ya kusa bakinsa, sai Baba Tankari ya cafke wuyan hannuna. Ban san tsohon da ko filo ba ya iya gyara wa kansa yana da sauran ƙarfi haka ba. Kunun ya zube a bargo. Shi kuwa idonsa yana kan silin, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Kin jiya? Sun soma."

Na kasa kunne. Abin da nake ji kullum shi na ji: injin wankin matar da ke ƙasa da mu, da lasifikar mai sayen tsofaffin firji da ke zagaya layin, da ruwa yana ɗiga a baranda. Hantsi ne tar, balle a ce duhu ne ya sa tsoho gane-gane.

"Baba, ba kowa a sama. Kaya ne kawai. Buɗe bakin mana."

"Kaya," ya ce, ya sakar mini hannu. "Awo, kaya. Amma kayan ga tahiya sukai. Kuma ba irin ta mutane ba. Ƙafa guda suke takawa. Dum. Su tsaya. Dum."

Na yi dariya don in kashe maganar, na ce ashe har guragu sun kama haya a gidan ba a gaya mana ba. Bai yi dariya ba. Ni ma tawa iyakarta leɓe.

Sunana Hasiya, 'yar Fagge ce ni. Na daɗe a Guangzhou daɗewar da zan iya yi wa mai tasi tatas da yarensa. Maigidana, Baban Firdausi, yana harkar tura wa mutane kaya gida, ni kuma ina tuƙa tuwo da miyar kuka, a ɗauka a kai wa 'yan kasuwar da cikinsu ya gaji da taliyar Sinawa. Muna zaune a unguwar Panyu, hawa na huɗu, a wani tsohon bene marar lif. Ƙofar da ke kallon tamu ita ce ta Baba Tankari da ɗansa Issa, mutanen Maraɗi.

Baba Tankari yana cikin na farkon zuwa garin nan. Ya sha ba mu labarin zamanin da suke sauka a otal-otal ɗin titin Liuhua Lu, in sun fito yara su biyo su suna shafa musu hannu su ga ko baƙin zai goge. Duk rayuwarsa takalmi ya saya ya sayar. Da tsufa ya zo ya miƙa wa Issa harkar ya koma gida, sai ciwon huhu ya dawo da shi neman magani. Likitoci suka yi iya yinsu, daga baya suka ce ko jirgi ba zai iya hawa ba. Matar Issa tana Maraɗi da yara, shi kuma kullum yana kasuwa ko masana'anta, shi ya sa kunun safe da na yamma suka dawo wuyana. Ba wai halin waliyyai gare ni ba. Ba na dai iya jin mutum yana tari ta bango ni kuma in zauna in cika cikina.

Kayan da ke sama na Issa ne. Ya kama ɗakin da ke saitin nasu a hawa na biyar ya mai da shi sito, 'yan dako suka yini suna hawa da kwalaye. Takalman soja ne, baƙaƙe, masu dogon wuya. Ba zan faɗi ƙasar da za a kai su ba, don akwai 'yan can da ke cin tuwona, kuma suna da iyali a gida. Amma duk mai waya ya ga abin da ake yi a can. Mai mulkinsu ya ɗinka wa samarinsa riga iri ɗaya, suna bi gida-gida suna shafa fenti a ƙofar duk wanda ba ƙabilarsu ba, gidan da aka shafa wa fentin kuwa ba a ƙara ganin an hura wuta a cikinsa. Yanzu kuma ya ja daga da maƙwabciyar ƙasa. Ta hannun wani dillali odar ta zo wa Issa.

Issa ya ɓoye wa ubansa. Amma ɗan kasuwa bai iya zuwa dubiya ya koma da bakinsa a rufe ba. Wani ya zo gaishe da Baba, zai tashi ke nan ya ce, "Ai Baba sai barka, yaronka ya zama mai yi wa gwamnati takalmi." Har sunan gwamnatin ya faɗa. Daga ranar, in Issa ya shigo sai Baba ya juya fuska bango. Ko ruwa ba ya karɓa a hannunsa. Daga ranar kuma ya fara jin tafiyar.

Ga shi ana cikin kwanakin nan na danshi da iskar kudu take kawowa. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba. Bango yana zufa, madubi ya rufe, tayil ya jiƙe kamar an goge ba a tsane ba. Silin ɗin ɗakin Baba ya tara ɗigo-ɗigon ruwa, suna nan a rataye, ba sa faɗowa.

Na goge bargon, na sake ɗebo kunu. Ya kau da kai.

"Aje cokalin ga. Zamna in gaya miki. Issa ya san labarin, amma shi tatsuniya ya ɗauke shi."

Na zauna a bakin gadon.

"Ubana dillalin ƙiraga ne da fatu, tun kahin a haihe ni. Shina tara su daga Gobir, daga Katsina, a ɗora ma raƙuma zuwa Kano. Can akwai wani kamfani na Italiyawa. Baturen kamfanin mutum ne mai fara'a, shina jin Hausa, shina ba yara alewa. Wata shekara sai ya ce duk ƙirgin da anka samu a kawo, ko mai tabo ne, ya daina zaɓe. Ubana ya yi murna, ya gina soro. Ba wanda ya tambayi mi Italiya za ta yi da ƙiraga haka. Ashe sojan Musolini aka yi ma takalma, waɗanda sunka shiga Habasha, da waɗanda ke Libiya."

Tari ya sarƙe shi. Na ɗaga masa kai ya kurɓi ruwa.

"Ubana na da ƙane, Maidaji, da ya bi ayari arewa ya zamna can Libiya. Wata rana sai ga shi an kawo shi bisa jaki. Haƙarƙari a karye, hannu a murƙushe. Soja sunka tattake shi bakin rijiya, don bai ba su hanya da wuri ba. Ya shigo gida ya ji warin ƙiraga, ya tambayi ina aka kai su. Ubana ya gaya mishi. Maidaji ya ce, 'Yaya, ka daina. Na ga inda suke zuwa. Daga ƙasa na gan su.'"

"Ya daina?"

"Ina! Ya ce Bature ya ce su 'yan kasuwa ne, ba ruwansu da yaƙi. Ya ci gaba da kai mishi. Sai da babban yaƙi ya tashi, Ingilishi sunka ruhe kamfanin sunka kwashe Turawan, sannan cinikin ya mutu don kanshi. Maidaji bai ƙara cin tuwon gidanmu ba har ya rasu. Ni kuwa na tashi na iske ubana tsoho, shina kwana tsakar gida, ko da damina. Ba shi shiga ƙarƙashin rufi. In an tambaye shi, shi ce ana tahiya bisa soro."

Na ce, "Baba, ai wannan zamanin da ne."

Ya dube ni duban da ake yi wa yaro in ya yi shirme. "Tashi ki tahi, tuwonki zai kama."

Da la'asar na kawo farfesu, na tarar da Issa durƙushe a gaban gadon da ƙwayoyin magani a tafin hannu. Baba ya ba shi baya.

"Baba, don Allah ka sha. Ko ba don ni ba."

Issa ya ƙara matso da ƙwayoyin.

"Takalmi ne fa, Baba. Ba bindiga ba ce, ba harsashi ba. Kai ma ka ƙare rayuwarka kana sai da takalmi, ka taɓa tambayar mai saye ina za shi da su?"

"Na saida ma 'yan makaranta," in ji Baba, yana magana da bango. "Na saida ma amare. Na saida ma ɓarayi ma, wataƙila, ban sani ba. Wanga kuwa ka san inda za shi. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Issa ya juyo wurina. Ya miƙo mini ƙwayoyin, ni kuma na miƙa, tsohon ya buɗe baki ya haɗiye. Na ga idon Issa ya kaɗa, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Ba mugun mutum ba ne. Duk ranar asibiti a bayansa yake goya uban ya sauka da shi benen nan, a bayansa kuma yake dawowa da shi, ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Akwai wani inji da Issa ya ajiye a sama mai tsotse danshi, don kada takalman su yi fumfuna. In bokitinsa ya cika sai ya tsaya, sai an zubar. Makullin yana wurinmu, Baban Firdausi ne yake hawa. Washegari ya yi sammakon tashar jiragen ruwa ta Nansha, aikin ya faɗo kaina. Na hau da rana tsaka ina ce wa kaina, ke Hasiya, kin girme wa tsoron kwali.

An liƙe tagogin da jarida, hasken ciki ya zama ruwan ƙasa. Warin gam da sabuwar roba ya buge ni. Kwalaye ne har silin, an bar 'yar hanya a tsakiya iyakar faɗin mutum ɗaya. Injin ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Can ƙarshen hanyar wani kwali na ƙasa ya sha danshi ya fashe, takalma sun zubo a kan jiƙaƙƙen tayil.

Duk macen da ta zauna da yara ta san hannu da kansa yake haɗa takalma bibbiyu, ba sai an sa shi ba. Na sunkuya na ɗauki ɗaya, na nemi ɗan'uwansa. Na dama ne, wanda na ɗauko ma na dama. Na ɗauki wani, na dama. Na jera su duka a gabana, kowanne bakinsa ya karkata gefe guda. Na ce kuskuren masu shiryawa ne, na ɓalle wani kwalin, na ɓalle na kusa da shi. Babu na hagu ko ɗaya.

Sai a lokacin na lura daidai saitin gadon Baba nake tsaye.

Zan faɗi gaskiya, duk tsayuwata a wurin ban ji komai ba. Sai da na juya zan fita na ji wani abu daga bayan kwalayen, dum. Yana yiwuwa wani kwalin ne ya ƙara lotsawa. Ban tsaya jiran na biyu ba. Bokitin ma a can na bar shi a cike.

Na tare Issa a bakin ƙofa da yamma, tun bai cire takalmi ba. Na ce masa ko dai masana'anta ta cuce shi, ko kuma ni ce na fara taɓuwa. Ya yi 'yar dariyar gajiya.

"Ba ko ɗaya, Hajiya. Haka ake yi. Kaya irin wannan, in za su bi ta tashar da ake sata, ba a haɗa su. Hagu a kwantena ɗaya, dama a wata. Ɓarawo ya fasa ya ga ƙafa ɗaya, me zai yi da ita? Sai sun isa can a haɗa. Na hagu sun riga sun tashi daga Nansha, suna kan teku. Waɗannan jirgi na gaba suke jira."

"Baba ya san ka raba su?"

"Wa zai gaya masa? Daga ni sai lawban, wato mai masana'anta."

"To wa ya gaya masa ƙafa ɗaya suke takawa?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Can ya ce, "Bon, tsohon ɗan kasuwa ne. Dabarar nan ta girme ni. Hasashe ya yi." Bai dube ni ba da yake faɗa. Ya roƙe ni kada in kai maganar ciki.

Bai ma buƙaci roƙona ba. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, kuma ciwo ya cinye wa Baba komai ban da kunne.

"Issa."

Rabon da ya kira sunan tun ranar mai dubiyar nan. Issa ya shiga da sauri har yana tuntuɓe, na bi shi. Baba ya juyo, yana kallonsa ido cikin ido.

"Ashe rabi na nan."

"E, Baba."

"Na hagu ba su da amfani in ba na dama. Ba sojan da zai shiga gidan mutane da ƙafa guda. To abin na hannunka har yanzu. Kar ka aika."

Issa ya durƙusa, ya dafa ƙarfen gadon.

"Baba, mutanen nan ba a yi musu haka. Sun san shagonmu na Maraɗi. Sun san makarantar yarana. Shekaranjiya dillalin ya kira ni yana jero mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana dariya, wai in gaishe su. Jikokinka ne fa."

Baba ya rufe ido, ya daɗe. Na ɗauka ya sauko. Ruwa ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

"Na ji. Ka kira matarka ta kwashe su ta kai ƙauye wajen dangin uwarka. Tsoro gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Amma gidajen da anka shafa ma fenti su ma da jikoki ciki." Ya ja numfashi. "In kwalayen ga sunka sauka benen ga, ban yahe maka ba, Issa. Duniya da lahira."

"Haba Baba!" Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. "Wannan ba maganar da ake yi a kan gadon ciwo ba ce. Ka janye, don girman Allah."

Bai janye ba. Na fita ina jin haushin su duka biyun, uban da ya ɗora wa ɗansa dutse irin wannan, da ɗan da ya je ya kwaso abin da ya fi ƙarfin kansa. Ranar miyata gishiri ya yi mata yawa, har masu saye suka aiko da ƙorafi.

Daga nan Baba ya fara zamewa. Ya daina shan kunu, sai dai a jiƙa masa leɓe. Maganarsa ta koma raɗa. Amma lokaci-lokaci sai ya ɗaga yatsa ya nuna silin, yatsan ya sauka, ya dakata, ya sake sauka. Ni kuma na daina ɗaga kai in na shiga ɗakin. Issa ya daina fita kasuwa, yana zaune a daɓe a bakin ƙofar uban, wayarsa tana ta kuka. In ya ɗauka sai ya fita baranda ya rufo, ka ji yana amsawa da "wi, wi" da ƙaramar murya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ji ya kira matarsa a kan maganar ƙauye, na kuma ji ya kira mai mota. Ranar rufe lodin jirgi ta matso.

Issa ya zaɓi safiyar da aka yi wa Baba allurar da take sa shi barci har azahar. Babbar mota ta tsaya a ƙasa, 'yan dako suka hau. Issa ya shimfiɗa tsofaffin barguna a dandamalin ƙofarmu don kada a ji sawu, yana bin Sinawan da roƙo su bi a hankali. Ya zo ya same ni.

"Hajiya, ki zauna da shi. Ki rufe ƙofa, ki kunna masa karatu a waya, ki ɗan ƙara murya."

"Zama zan zauna," na ce. "Amma ba zan mai da Alƙur'ani labule ba. Nemi wani."

Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Na zauna a gefen gadon da carbina. A karo na farko ni ma ina jin tafiya a sama, ta gaske, ta mutane masu ƙafa biyu suna jan kaya. Sannan ta sauko matakala, a hankali, a hankali, irin tafiyar wanda ba ya son a san ya wuce. Wallahi da sun yi ta da hayaniya da ta fi mini sauƙi. Kwali yana gogar bango, wani ya yi nishi, bargo ya haɗiye sawun, sai kuma ya sake fitowa a ƙasa.

Na duba Baba, na ga idonsa a buɗe. Wannan karon ba silin yake kallo ba, ƙofa yake kallo.

"Suna sauka," ya ce.

"Baba, ka yi barcinka."

Ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar, tsakanin numfashi da numfashi akwai tazarar da ban so ba. Na taɓa zama da mahaifiyata a irin wannan lokacin, na san sautin. Leɓensa ya motsa, na kai kunne.

"Kira min shi."

Na tashi na wangale ƙofar. Matakala ta cika. 'Yan dakon ba sauka suke yi da kwali har ƙasa ba, kowa yana da hawansa, ya tara wa na ƙasa da shi ya koma. Daga ƙofarmu har inda ido ya kai kwalaye ne jibge. Issa yana can dandamalin ƙasa, waya a kunne.

"Issa! Ubanka yana kiranka, kuma wallahi numfashin nan ba na mai jira ba ne!"

Ya ɗago ya dube ni. Daga inda nake ina jin muryar wayar tana ci gaba da magana. Ya dubi kwalayen da ke tsakaninmu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba, ni dai na ga kamar ya shekara. Sai ya sauke wayar ya jefa a aljihu, ya daka wa 'yan dakon tsawa da yarensu su tsaya. Ya sake faɗa da Hausa, ko da yake ba mai jin Hausa a cikinsu.

"Ku tsaya! Kar a ƙara sauke ko ɗaya! Na cikin motar ma a dawo da su!"

Muryarsa ta cika benen, har maƙwabta suka leƙo. Ya tattako kwalayen da hannu da gwiwa ya hau, muka shiga tare.

Baba ya riga ya cika. Fuskarsa tana kallon ƙofa, bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zamo daga gadon.

Na yi salati. Issa ya tsaya a tsakar ɗakin yana haki, gumi yana zuba daga haɓarsa.

"Hajiya, ya ji? Ya ji na ce a tsaya?"

Ƙarya ta zo har bakin harshena, kuma da na yi ta ba wanda zai kama ni. Amma bayana na ba gadon a lokacin, ban ga sa'ad da ran ya fita ba.

"Ban sani ba, Issa," na ce. "Ƙofar dai a buɗe take."

Ya durƙusa ya shafe wa uban ido, ya ɗauki hannun ya mayar kan gadon. Na yago bakin wani farin ƙyalle na miƙa masa ya ɗaure haɓar. Sai da ya gama ɗaurin sannan kukan ya zo masa, irin na babban mutum, marar daɗin ji. Ni ma na yi nawa.

Kafin azahar labari ya zaga. 'Yan dakon sun yi ta rigima da hannu da baki, da suka ga ba mai kula su sai suka tafi cin abinci, ba su dawo ba. Mutanenmu suka fara zuwa, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Yamai, kowa yana raɓawa ta gefen kwalaye yana riƙe da bakin riga. Sai ga motar asibiti ta zo ɗaukar gawa. Masu ɗauke da gadon gawar suka hau hawa ɗaya suka tsaya, suka ce "me yo, me yo," wato ba hanya. Ko da sun hau, ba yadda za a sauko da mutum a kwance ta wannan matsatsin.

Baban Firdausi ya dawo a lokacin, ya duba sama ya duba ƙasa, ya yi maganar da kowane mai hankali zai yi.

"Jama'a, a miƙa su ƙasa hannu da hannu. Motar kayan tana nan a buɗe, kuma gangara ta fi sauƙi. A buɗe wa mamaci hanya tukuna, sauran magana daga baya."

Maza suka fara naɗe hannun riga. Issa ya fito daga ɗakin, idonsa jawur.

"Kar wanda ya sauke."

"Issa, na ɗan lokaci ne," in ji wani dattijo. "Ana gamawa sai ka yi yadda ka so da kayanka."

Issa ya juya masa baya. Ya sunkuya ya ɗaga kwalin da ke gabansa ya aza a ka, ya hau sama da shi. Ya sauko ya ɗauki wani. Wayar tana ta haske ta cikin aljihunsa, bai taɓa ta ba. Aka yi cirko-cirko ana kallonsa. Da ya sauko karo na gaba, maigidana ya ja dogon numfashi, ya cire hularsa ya miƙo mini, ya ɗauki kwali ya bi bayansa. Sauran suka jeru a matakala daga ƙasa har sama.

Masu gadon asibiti suka jingina shi da bango, ɗayansu ya kunna taba. Kwalayen sun yi laushi saboda danshi, sai an tallafe su ta ƙasa, suna wucewa ta gaban ƙofarmu daga hannu zuwa hannu suna hawa.

Na koma ciki na zauna kusa da Baba don kada a bar shi shi kaɗai. Na bar ƙofar a buɗe.